Yanka, Ɗinki da Kwafi: Leƙe a Ɗakin Gwajin DNA

  

Sharhinmu na yau zai leƙa wani ɗaki ne da galibin mutane ba su taɓa taka ƙofarsa ba. Amma abin da ke fitowa daga cikinsa ya daɗe da shigo musu gida. Mai ciwon sukari da ke yi wa kansa allurar insulin yana amfani da shi. Jaririn da aka yi wa rigakafin ciwon hanta ranar haihuwa ya amfana da shi. Manomin wake ma ya fara cin karo da shi a wajen masu sayar da iri. Ɗakin shi ne ɗakin gwajin DNA. Aikin da ake yi a ciki kuwa shi ne kwafar ƙwayar gado.

Kafin a yi nisa, a kawar da wani ruɗani. Wasu da sun ji wannan batu sai su tuna Dolly, tunkiyar nan da aka haifa a Cibiyar Roslin ta Sikotilan a 1996, wadda aka samar daga ƙwayar halittar wata tunkiyar ba tare da rago ba. Wancan aiki daban ne. Can dabba sukutum aka maimaita. Nan kuwa ɗan guntu ɗaya ake cirowa daga DNA, a yi ta ninka shi har ya isa a yi aiki da shi.

Ga maganar da za a riƙe, masu sauraro, domin za ta yi ta dawowa. Masanin da ke wannan ɗaki ba ya ƙirƙirar komai daga babu. Yanka yake yi, ya ɗinka, ya miƙa wa bakteriya ta kwafa. Kayan aikin nasa ma aro ya yi. Kusan duka a jikin ƙananan halittu ya same su.

To, mene ne abin da ake yankawa?

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani dogon zare siriri. Shi ne DNA. Wani matashin likita ɗan Siwizalan, Friedrich Miescher, shi ya fara tsamo shi a 1869 a garin Tubingen na Jamus. A ina ya samo? A cikin mugunyar da ke jikin bandejin marasa lafiya, wadda ake kawo masa daga asibitin tiyata. Ya ga sinadarin, amma bai san aikinsa ba. Sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kembirij ta Ingila, bayan sun ga hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a Landan. Zaren biyu ne a murɗe da juna. A jikinsu akwai sinadarai iri huɗu da masana ke yi wa laƙabi da haruffa: A, T, G da C. Kullum A da T ke fuskantar juna, G kuma da C. Jerin waɗannan haruffa shi ne umarnin gina jiki. Guntun da ke ɗauke da umarnin yin abu guda, misali insulin, shi ake kira ƙwayar gado.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. DNA ɗin mutum ya ƙunshi haruffa wajen biliyan uku. Ƙwayar gado guda ɗaya kuwa 'yar mitsitsiya ce a tsakiyar wannan tuli. Ido ba ya ganinta. Ba wuƙar da za ta iya yanko ta. Shekaru kusan ashirin masana suna kallon zaren, sun san abin da ke ciki, amma ba su da abin taɓa shi.

A nan aikin ya yi kama da na tela. Ana buƙatar almakashi. Ana buƙatar allura da zare. Ana kuma buƙatar rigar da za a ɗinka ƙyallen a jikinta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Almakashin, a wajen bakteriya aka same shi. Ashe ita ma bakteriya tana da abokan gaba. Akwai bairos da ke kai mata hari, ya zuba mata DNA ɗinsa don ya mallake ta. Ita kuma sai ta fito da wani sinadari da ke daddatsa baƙon DNA kafin ya yi ɓarna. Werner Arber na Siwizalan ne ya gano wannan dabarar kare kai. A 1970 Hamilton Smith na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ya tace wani irin sinadarin, ya nuna cewa ba yankan kan mai uwa da wabi yake yi ba. Yana da wurin da yake nema. Daniel Nathans ya yi amfani da shi ya yanka DNA ɗin wani bairos gunduwa-gunduwa. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 1978.

Wanda ya fi suna a cikin almakasan shi ne EcoRI, da aka samo a ɗakin gwajin Herbert Boyer a San Faransisko. Duk inda ya ga jerin G, A, A, T, T, C, nan zai yanka. Ba ya kuskure wuri. Kuma yankan nasa a karkace yake. Yana barin 'yar jela ta haruffa huɗu a kowane baki. Wannan 'yar jela ita ce sirrin. Duk DNA ɗin da aka yanka da wannan almakashi, na mutum ne, na kwaɗo ne, na bakteriya ne, bakinsa zai dace da na ɗan'uwansa. In aka zuba su wuri guda sai su kama juna.

Kamun bai da ƙarfi, sai an ɗinke. Allurar ɗinkin wani sinadari ne da ake kira ligas, wanda ɗakunan gwaji da dama suka gano a 1967. Shi ma aro ne. Aikinsa na asali a cikin halittu shi ne gyaran DNA in ya tsinke.

Saura riga. Ban da babban DNA ɗinta, bakteriya kan ɗauki wasu ƙananan zobba na DNA, waɗanda masana ke kira filasmid. Zoben yana kwafar kansa a cikinta. Bakteriya ma kan miƙa wa 'yar'uwarta shi. Wani likita a Jami'ar Stanford, Stanley Cohen, ya duƙufa a kan waɗannan zobba saboda wani dalili na asibiti: su ne sukan ɗauko wa bakteriya ƙwayar gadon da ke sa ta bijire wa magani. A nan sai a ɗan ratse, masu sauraro. Mai sayen kafso biyu a kemis ya haɗiye, ya ji sauƙi ya daina, bakteriya masu irin wannan zobe yake bai wa fili. Abin da ke ba likitoci ciwon kai ke nan har gobe. Zoben nan ne kuma ya zama rigar da telan ke nema.

Yanzu ga almakashi a hannun Boyer, ga zobe a hannun Cohen. Tazarar da ke tsakanin ɗakunan gwajinsu ba ta wuce tafiyar awa guda a mota ba. Amma sai da suka je wani taron masana a Hawai, a watan Nuwamban 1972, sannan kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ke yi. Da dare suka zauna a wani ɗan shagon abinci kusa da bakin tekun Waikiki, suna ci suna hira. Kafin su tashi sun shirya aikin. Da suka koma Kalifoniya, Annie Chang, mai aiki a ɗakin Cohen, ita ta riƙa kai da komo da kwalaben gwaji tsakanin biranen biyu. A 1973 suka buga sakamako. Sun yanka zobe, sun ɗinka masa baƙon guntu, sun mayar da shi cikin bakteriyar E. coli, ita kuma ta kwafe shi tare da nata. Ba su tsaya nan ba. Suka ɗauko guntun DNA na wani kwaɗon Afirka suka sa. Bakteriyar ba ta tambayi asalinsa ba. Ta kwafe shi, 'ya'yanta suka gada, jikokinta suka gada.

Yanka, ɗinki, a miƙa wa bakteriya ta kwafa. Shi ke nan.

To yanzu, jama'a, bari mu shiga ɗakin da kanmu, mu tsaya bayan wata ɗaliba mu ga yadda ake yi a yau.

Abu na farko da baƙo zai lura da shi: babu abin kallo. Ba tartsatsi, ba hayaƙi. Ɗalibar tana sanye da farar riga da safar hannu. A gabanta akwai bokitin ƙanƙara, an caka wasu 'yan kwalaben roba a ciki, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. A hannunta akwai fifet, wato abin zuƙar ruwa mai maɓalli a ka. Ruwan da take ɗiba bai kai ɗigon hawaye ba. Ta zuƙa daga nan, ta zuba can, ta yar da bakin fifet ɗin, ta sa sabo. Duk ruwan fari ne tas. Ba ta ganin DNA, ba ta ganin almakashi. Abin da ta rubuta a murfin kwalba da abin da ta rubuta a littafinta, su kaɗai ne shaidarta. In ta manta ko ta zuba wani abu, ba mai gaya mata. Sai bayan kwana biyu sakamako zai tona.

Ta haɗa DNA da almakashi ta ajiye a ɗumi kamar awa guda. Yaya za ta san ya yanku? Nan ne za ta zuba jel. Garin agaros ne, wanda ake samu daga ciyawar teku. Ta dafa shi da ruwa, ta zuba a ɗan tire, ta kafa wani abu mai haƙora a gefe guda. In ya daskare ta cire, sai ga 'yan ramuka a jere. Ta gauraya DNA da shuɗin rini, ta riƙe numfashi, ta ɗiga a ramin. In hannu ya yi rawa, ta huda jel ɗin, aiki ya koma baya. Sai ta kunna lantarki. DNA yana da cajin da ke sa lantarki ya ja shi zuwa ɗaya gefen. Ƙananan guntaye suna kutsawa da sauri. Manya suna jan jiki a baya. Bayan kamar awa guda ta kai jel ɗin ƙarƙashin wata fitila ta musamman a cikin duhu. Sai ga 'yan layuka suna haske, kowane layi guntaye ne masu tsawo ɗaya. A gefe ta sa ma'auni, wato guntayen da aka riga aka san tsawonsu. Da shi za ta gane nata. Ta sa reza ta yanko layin da take so.

Wannan dabara ta tura abu da lantarki a cikin jel ko takarda ba baƙuwa ba ce a asibitocinmu. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, a ce wannan AA ne, wannan AS, wancan SS, galibi da irinta ake yi. Bambancin kawai, can furotin ɗin jini ake turawa, nan kuwa DNA.

Ta ɗinke guntun a jikin zobe da ligas. Saura shigar da zoben cikin bakteriya, kuma bakteriya ba ta buɗe ƙofa haka kawai. Sai an yi mata dabara. An riga an jiƙa ta a ruwan wani gishiri mai sanyi ƙarara. Ɗalibar ta zuba mata zobban, ta bar su a ƙanƙara kusan rabin awa. Sai ta cire kwalbar farat ɗaya ta tsoma a ruwa mai zafin digiri 42, kamar minti guda, ido a kan agogo. Ta mayar cikin ƙanƙara. Wannan firgitar ita ke sa wasu daga cikin bakteriyar su haɗiye zoben. Wasu ƙalilan ne. Mafi yawa ba sa ɗauka.

To ta yaya za a ware masu zobe daga marasa shi, alhali ba a ganin ko ɗaya? Nan ne bijire wa maganin nan ya yi rana. Zoben yana ɗauke da kariya daga wani magani, a ce ampisilin. Sai ta shafa bakteriyar a kan ɗan faranti mai daskararren abinci da aka gauraya da ampisilin. Ta rufe, ta kife shi, ta sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, ta tafi gida. Cikin dare maganin zai hana duk wadda ba ta da zobe rayuwa. Mai zobe kuwa za ta rabu biyu, biyun su zama huɗu. In abinci ya wadata, E. coli kan ninka kanta cikin minti ashirin. Da safe ɗalibar ta ɗaga farantin ta haska. In an dace, za ta ga ɗige-ɗige farare a warwatse. Kowane ɗigo zuriyar bakteriya guda ce, miliyoyi, kowace da kwafin guntun nan a cikinta. In ba a dace ba, faranti fayau. Sai a sake daga farko. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san safiyar faranti fayau, kuma ba sau ɗaya ba.

Mu koma tarihi, domin akwai wani abu da ya faru wanda ba kasafai ake ganin irinsa ba. Da masanan suka ga abin da ke hannunsu, su da kansu hankalinsu ya tashi. E. coli a hanjin mutum take zama. In aka sa mata ƙwayar gadon wani mugun bairos ta kuɓuce daga ɗakin gwaji fa? Paul Berg na Stanford, wanda shi ya fara haɗa DNA na halittu biyu a 1972, ya jagoranci kira da a dakata da wasu gwaje-gwajen. Aka kuwa dakata. A watan Fabrairun 1975 masana sama da ɗari, da lauyoyi da 'yan jarida, suka taru a Asilomar ta Kalifoniya. Suka yi kwanaki suna muhawara. Suka amince a ci gaba, amma da sharuɗɗa: a kasa gwaje-gwaje gwargwadon haɗarinsu, a kuma yi aiki da bakteriyar da aka raunana yadda ba za ta rayu a waje ba. Wasu sun soki taron, suka ce masu abu ne suka yi wa kansu alƙalanci. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Duk da haka, samun masu sana'a su tsayar da sana'arsu tun kafin gwamnati ta ce uffan, abin a faɗa ne.

Yanzu kuma sai amfanin. A fara da insulin.

Tun da aka gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921, daga jikin dabba aka riƙa tatso shi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ake tarawa daga mayanka, ta shanu da ta aladu, tuli guda, kafin a sami ɗan abin da zai ishi marasa lafiya. Ya ceci rayuka ba adadi. Amma ba daidai yake da na mutum ba, kuma jikin wasu ba ya karɓarsa lami lafiya. Ga Musulmi da Yahudawa kuma akwai ƙarin tambaya game da na alade, ko da yake malamai sun yi maganar lalura. Sannan ana fargabar wata rana masu ciwon za su fi dabbobin yawa.

A 1976 Boyer da wani matashin mai zuba jari, Robert Swanson, suka kafa kamfanin Genentech. Tare da masanan cibiyar City of Hope, suka harhaɗa ƙwayar gadon insulin a kwalba, harafi bayan harafi. Nan ma ba ƙirƙira suka yi ba. Tsarin insulin na jikin mutum suka bi. Insulin sarƙa biyu ce, sai suka sa kowace a bakteriya daban, suka tatso, suka haɗe. A 1978 suka ba da sanarwa. A 1982 aka amince da sayar da shi, kamfanin Eli Lilly ya fito da shi da sunan Humulin. Shi ne magani na farko da aka samar ta wannan hanya. A yau kusan duk insulin da ke kantin magani, a Kano ne ko Maraɗi ko Kumasi, bakteriya ko yis ne suka yi shi a manyan tankuna.

Rigakafin ciwon hanta nau'in B ma haka ne. Na farko daga jinin masu ɗauke da cutar ake tace shi. Daga 1986 aka koma sa wa yis ƙwayar gadon ɓawon bairos ɗin kawai. Yis ya yi ɓawon, a tace, a yi allura. Babu bairos a ciki, don haka allurar ba ta iya sa cutar.

Masu sauraro, akwai wata hanyar kwafi ta biyu, wadda ba ta buƙatar bakteriya mai rai. Sunanta ya shiga kunnen kowa lokacin korona: PCR. Kary Mullis na kamfanin Cetus ya ce tunanin ya zo masa ne a 1983, yana tuƙi da dare a wata hanyar Kalifoniya. A zafafa DNA har zaren biyu su rabu. A sanyaya, a sa wasu 'yan guntaye su kama farko da ƙarshen wurin da ake so. Sai wani sinadari mai kwafar DNA ya cike tsakani. Ɗaya ya zama biyu. A sake zafafawa, biyu su zama huɗu. Zagaye talatin, an doshi kwafi biliyan guda, cikin 'yan awoyi.

Da farko akwai cikas. Zafin yana kashe sinadarin kwafin, sai an riƙa zuba sabo a kowane zagaye. Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Tun a shekarun 1960 wani masani, Thomas Brock, ya tsinci wata bakteriya tana zaune lafiya lau a maɓuɓɓugan ruwan zafi na gandun Yellowstone. Ba neman komai yake yi ba illa sanin yadda rai ke jure zafi. Sinadarin kwafin wannan bakteriya ba ya jin tafasa. Shi aka ɗauko. Aro kuma, jama'a. Aro daga ƙaramar halitta.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Takardar farko da aka buga a kan PCR, a 1985, a kan gano cutar sikila ce. Sikila harafi ɗaya ce tak. A ƙwayar gadon da ke yin furotin ɗin jan jini, inda ya kamata a ga A sai aka ga T. Wannan sauyi ɗaya shi ke lanƙwasa ƙwayoyin jini, shi ke kawo ciwon ƙashin da ke hana yaro da uwarsa barci. Kuma an yi sa'a, sauyin ya faɗa daidai wurin da wani almakashi ke yanka. Ƙwayar gado mai lafiya tana yankuwa. Mai sikila ba ta yankuwa, domin almakashin bai gane wurin ba. A ninka guntun, a yanka, a duba, amsa ta fito. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani, Casgevy, mai gyara DNA ɗin ƙwayoyin ɓargon mai sikila. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu ga mutum guda. Ilimin ya kai. Aljihun masu ciwon ne bai kai ba, kuma ba kusa ba.

Daga asibiti sai gona. Najeriya da Nijar su ne manyan masu noman wake a duniya, kuma kowane manomi ya san tsutsar nan da ke shiga fure da kwanso ta cinye. Masana na kiranta Maruka. A cikin ƙasa akwai wata bakteriya, Bt, mai yin furotin da ke kashe irin wannan tsutsa. An kwafo ƙwayar gadon furotin ɗin. Shigar da ita cikin wake kuma sai aka nemi wata bakteriyar, Agrobacterium, wadda tun asali sana'arta ke nan: cusa DNA ɗinta a jikin tsiro. An yi wannan mataki a cibiyar bincike ta CSIRO a Ostireliya. Masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka yi shekaru suna gwada shi a killatacciyar gona, suna barbara da irin gida. A 2019 hukumomin Najeriya suka amince da shi, da sunan SAMPEA 20-T. Masu binciken sun ce feshin da kan kai sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa biyu. Ba su ce a ajiye famfon feshi ba. Daga tsutsar nan kawai sabon irin ke samun kariya, sauran ƙwari suna nan, haka ma masu cin wake a buhu.

Akwai masu adawa, kuma ba a rufe musu baki ba. Wasu na tambayar wa zai riƙe ragamar iri nan gaba, manomi ko kamfani. Wasu na cewa a bayyana wa mai saye abin da yake saye. Masana da kansu sun san tsutsa na iya sabawa da furotin ɗin in aka yi sakaci, kamar yadda aka gani a wasu amfanin gona a wasu ƙasashe. Waɗannan tambayoyi ne na gaske, sun cancanci amsa a fili daga hukumar kula da lafiyar irin waɗannan halittu, wadda aka kafa a 2015. Abin da bai da tushe shi ne a ce an halicci sabon wake daga babu. Waken nan wake ne, an ɗinka masa guntu daga bakteriyar ƙasa.

Batu na ƙarshe, jama'a. Dabarun da aka ba da kyautar Nobel a kansu, yau ɗalibin digiri na biyu yana koyonsu cikin 'yan makonni. Hannu da kai ba su ne matsalar ba. A 2020, kwanaki kaɗan da ɓullar korona a Legas, ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede ya karanta jerin haruffan bairos ɗin, karo na farko a Afirka. Matsalar ita ce sanyi. Almakashi da ligas a firiza suke kwana, ƙasa da sifili da digiri ashirin. Bakteriyar da aka adana tana son sanyin da ya fi haka nesa ba kusa ba. A ɗauke wuta kwana biyu, man janareta ya ƙare, aikin shekara ya narke. Kayan kuma daga waje ake sayo su da dala, a cikin akwatin ƙanƙara, kuma in sun daɗe a tashar jirgi sai su iso a mace. Jami'ar da ta sayi injin PCR aka yanka kirtani aka ɗauki hoto, amma ba ta tanadi wutar sola da kuɗin sinadarai ba, ta sayi kayan ado ne.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Iyayen da aka yi wa haihuwa, allurar ciwon hantan nan an fi so a yi ta cikin awa ashirin da huɗu na farko. Masu amfani da insulin, a kiyaye shi daga rana da zafi. Manoman da ke son gwada sabon waken kuma, a nemi malamin gona a ji yadda ake shuka shi da lokacin feshi.